Babi na Bakwai: Kafin a Sa Hannu a Karɓa

"Wai ba su gwada ba ne kafin su sakar mana?" Wannan ita ce tambayar da ake ji a layin banki duk ranar da aka ce an sauya manhaja kuma kuɗin mutane sun maƙale. An sha jin ta a Najeriya a watannin ƙarshe na 2024, lokacin da wasu manyan bankuna suka sauya babbar manhajar da ke riƙe da asusun abokan hulɗarsu, jama'a suka yi kwanaki suna tura kuɗi ba sa isa. Ita ce kuma ma'aikaci yake yi idan aka koma sabon tsarin biyan albashi ya ga nasa ya zo da giɓi.

Amsar takan ba mutane mamaki, domin kusan kullum an gwada. Da wuya ka sami kamfanin da zai miƙa manhajar miliyoyin naira bai taɓa kunna ta ba. Abin bincike shi ne wa ya yi gwajin, da wane ma'auni aka auna, kuma da matsala ta bayyana wa ya ce a wuce haka nan.

Gwajin mai yi da gwajin mai saye

Masu rubuta manhaja suna da nasu gwaje-gwajen, kuma suna da yawa. Sukan gwada kowane ɗan guntun aiki shi kaɗai, misali wurin da ke lissafa haraji. Sai su haɗa guntayen su ga ko suna magana da juna, wato idan an sayar da kaya a kanta ko adadin da ke sito ya ragu. Daga nan su gwada manhajar gaba ɗayanta. Duk waɗannan tambaya ɗaya suke amsawa: shin mun gina abin da aka rubuta mana a takarda?

Mai saye kuwa tasa tambayar daban ce. Shi so yake ya san ko zai iya gudanar da harkarsa da wannan abu ranar Litinin da safe, abokan ciniki sun cika shago.

A ce ka ɗauki mai haƙar rijiya. Kun yi ciniki a kan gaba goma sha biyu, ya haƙa ta sambal, ya ɗaure bakinta da siminti, ya tarar da ruwa. Ta fuskar sana'arsa ya gama, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma sai matar gida ta ja guga ta kurɓa, ta zuba sabulu ta ga ko zai yi kumfa, sannan za a san ko ruwan sha aka samu ko zartsi. Wannan kurɓar ita ce gwajin karɓa, wanda masu sana'ar manhaja ke taƙaitawa da haruffan UAT. Shi ne gwaji na ƙarshe kafin a fara aiki da manhaja gadan-gadan, mutanen mai saye ne ke yin sa, kuma a mafi yawan kwangiloli sai an ci shi ake biyan ragowar kuɗin aiki.

Buƙatar da za a iya aunawa

A babin da ya gabata mun ga yadda ake tattara buƙatun ma'aikata a rubuta su. A nan ne ake gane ko rubutun ya yi kyau, domin buƙatar da aka rubuta a dunƙule ba ta gwaduwa.

Mu ɗauki kamfanin da ke sarin kayan masarufi a Kasuwar Singa ta Kano, yana ba ƙananan 'yan kasuwa kaya bashi. A takardar buƙatu an rubuta: "Manhaja ta riƙa kula da bashin abokan ciniki." Ranar gwaji ɗan kwangila zai buɗe wani shafi ya nuna jerin masu bashi ya ce ga shi nan tana kula. Akanta zai ce ba haka yake nufi ba. Kowa yana da gaskiyarsa, saboda jimlar ta ɗauki kowace fassara.

Yanzu a sake rubuta ta haka. Abokin cinikin da aka yanke wa iyakar bashi naira 500,000, ana bin sa 480,000, ya zo ɗaukar kayan 50,000. Manhaja ta ƙi fitar da rasit, ta nuna cewa zai haura iyaka da 30,000, kuma manaja kaɗai ke iya buɗe masa, da lambar sirrinsa, sunansa ya fito a rahoton ranar. Wannan kam ko yaron shago zai iya zama ya gwada, ya ce ta yi ko ba ta yi ba.

Haka ake rubuta kowane gwaji: halin da ake ciki kafin a fara, abin da za a danna, da sakamakon da ake jira. Sakamakon nan dole a rubuta shi tun kafin a kunna kwamfuta, kuma in lissafi ne a yi shi da hannu ko da kalkuleta. Mutum yana da saurin yarda da lambar da ya gani a allo. Idan manhaja ta ce harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan kayan 86,000 ya kama 6,540, mutane ƙalilan ne za su tsaya su duba, alhali daidai ɗin 6,450 ne. Wanda ya riga ya rubuta amsarsa a takarda shi zai kama wannan.

Sannan kowace buƙata a ba ta lamba, a ja mata layi zuwa gwajin da ke tabbatar da ita. Buƙatar da aka duba ba a ga gwajinta ba, ka ƙaddara ba a yi ta ba har sai an nuna maka.

Wa zai zauna gaban kwamfutar

A nan kamfanoni da yawa suke yin sake. Sai a tura shugaban sashe, ko yaron da ke gyara kwamfutocin ofis, don su ne ake ganin sun waye da na'ura. Shugaban sashe ya san yadda ya kamata aiki ya tafi a ƙa'ida. Yadda yake tafiya a zahiri kuwa yana wurin kashiya, da mai kula da sito, da akawun da ke haɗa albashi duk ƙarshen wata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kashiya ce za ta tambaya: idan mutum ya biya rabi da tsabar kuɗi rabi ta tiransifa, kuma alat bai shigo ba sai bayan an rufe lissafin ranar, ina zan sa shi? Mai sito ne zai ce katon yana shigowa da guda 48 amma ana sayar da shi rabi-rabi, har da ɗai-ɗai, wani lokaci kuma a dawo da uku da suka fashe. Akawun albashi ne ya san ma'aikacin da aka ƙara wa girma a tsakiyar wata, aka kuma ce ƙarin ya fara tun watanni huɗu baya. Irin waɗannan ba kasafai suke shiga takardar buƙatu ba, don wanda ke yin su kullum bai ɗauke su abin faɗa ba. Ranar gwaji suke fitowa, in an kawo mutanen da suka dace.

Kuma a sauke musu aikinsu na yau da kullum na tsawon kwanakin. Wanda aka ce ya yi gwaji bayan an tashi daga aiki, ya gaji, yana tunanin abin hawa, zai yi ta danna "ta yi" ne don ya samu ya tafi gida.

Akwai wata al'ada da nake ganin ya kamata a hana ta kwata-kwata, wato ma'aikacin ɗan kwangila ya zauna yana dannawa, mutanen kamfani suna tsaye a bayansa suna gyaɗa kai. Wannan nuni ne aka yi musu. Wanda ya gina abu ya san hanyar da ba ta da gargada, kuma hannunsa zai bi ta ko bai yi niyyar ɓoye komai ba. A ba kashiya kujerar, shi ya koma gefe da takarda yana rubuta inda ta tsaya tana neman abin da za ta danna.

Bayanan gwajin ma su zama irin na gaske. A kwafo na kamfani, a ɓoye lambobin waya da na asusu don kare sirrin mutane, amma a bar dattinsu yadda yake: mutum ɗaya da aka yi wa rajista sau biyu da rubutu daban, tsofaffin basussukan da ba su da kwanan wata, sunaye irin su Sa'adatu da Mu'azu waɗanda 'yar alamar da ke tsakiyarsu takan rikita manhajar da ba a yi da mu a zuciya ba. A gwada ƙarshen wata da ƙarshen shekara. A kuma zare wuta ana tsakiyar buga rasit, a ga ko kayan sun fita daga lissafin sito alhali kuɗin ba su shiga ba. Duk wanda ke kasuwanci a ƙasar nan ya san wannan ba abin da zai jira shekara kafin ya faru ba ne.

Yadda aka sassauta ma'auni a Queensland

Babu gwajin da ake gamawa ba a sami kurakurai ba, don haka ake jera su bisa nauyi. Mataki na ɗaya shi ne wanda ya tsayar da aiki cak. Na biyu babban aiki ne ya fito ba daidai ba, kamar lissafin kuɗi. Na uku yana da hanyar kewayewa. Na huɗu na ado ne, irin kuskuren rubutu. Kafin a fara, ɓangarorin biyu sukan sa hannu cewa ba za a karɓa ba muddin akwai na ɗaya ko na biyu a buɗe. Darajar gwajin gaba ɗaya tana rataye ne a kan wannan sharaɗi, kuma abin da ya faru a jihar Queensland ta ƙasar Ostareliya ya nuna dalili.

A ƙarshen 2007 gwamnatin jihar ta ba kamfanin IBM kwangilar sauya manhajar albashin ma'aikatan lafiya, mutum kusan 80,000, domin tsohuwar ta tsufa kuma masu ita suna shirin daina kula da ita. Kuɗin kwangilar tun farko bai wuce dalar Ostareliya miliyan 6 da 'yan kai ba, kuma a 2008 aka sa ran gamawa. Sai dai albashin asibiti ba ƙaramin lissafi ba ne. Akwai aikin dare, da na ƙarshen mako, da kiran gaggawa, da alawus sama da iri 200. Hanyoyin da albashin mutum zai iya haɗuwa sun haura 24,000. Tun daga tushe ba a zauna an rubuta buƙatun nan dalla-dalla ba, saboda haka aka yi ta jayayya tsakanin gwamnati da kamfanin a kan ko wani abu kuskure ne da za a gyara kyauta ko sabuwar buƙata ce da za a biya.

An yi gwajin karɓa zagaye bayan zagaye, kurakurai suna ta fitowa. Kamfanin da aka ɗauko daga waje don ya jagoranci gwajin ya yi gargaɗi a rubuce. Hujjarsa abar lura ce: gwajin karɓa ba a yi shi don tono kurakuran gini ba, ya kamata a ce an kama waɗannan tun a hannun injiniyoyi. Idan masu amfani suna ta cin karo da su da yawa haka, alama ce akwai wasu jibge a ƙasa da ba a kai gare su ba.

Amma lokaci ya ƙure, kuma kowa na tsoron tsohuwar manhajar ta mutu a hannunsu. Maimakon a gyara manhajar ta kai ma'auni, sai aka sauko da ma'aunin. An sake fassara matakan, kurakuran da ke mataki na biyu aka mayar da wasunsu na uku, sauran aka ce za a riƙa kewaye su da hannu bayan an fara aiki. A takarda sharaɗi ya cika. A watan Maris na 2010 aka kunna.

Dubban ma'aikatan jinya da likitoci da masu shara suka sami albashi ba daidai ba. Wasu an rage musu, wasu an yi musu ƙarin da daga baya aka bi su bashinsa, wasu ko sisi. Sai da aka riƙe ma'aikata sama da 1,000 suna gyara lissafi da hannu duk mako biyu. An ƙiyasta cewa abin da jihar za ta kashe a kan tsarin cikin shekara takwas zai kai dala biliyan 1.2. Kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Richard Chesterman ya fitar da rahotonsa a 2013, ya kuma sa lamarin a sahun gaba na gazawar aikin gwamnati a tarihin ƙasar. Jihar ta kai IBM kotu ba ta yi nasara ba, saboda tun 2010 ta riga ta sa hannu a wata yarjejeniya da ta wanke kamfanin daga irin wannan ƙara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne gwajin ya yi aikinsa. Ya ga matsalar, ya faɗa, an rubuta. Waɗanda ke da ikon cewa a dakata su ne waɗanda wa'adi ya fi matsa wa lamba. Shi ya sa nake ganin wanda zai yanke nauyin kuskure bai kamata ya zama wanda za a tuhuma in aiki ya makara ba. A bar wa mai sashen da abin zai faɗa wa, kuma duk kuskuren da za a sauke daga mataki zuwa mataki a rubuta sunan wanda ya sauke shi da dalilinsa.

Kashi nawa ne cin jarrabawa?

Mu ma nan gida mun ga gardamar gwaji ta fito fili. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta daɗe tana ƙorafin cewa tsarin albashin gwamnatin tarayya na IPPIS bai san yanayin aikin jami'a ba, kamar hutun bincike na shekara guda da malaman da ke zuwa koyarwa daga wata jami'ar. Wannan ƙorafi ne a kan buƙatu tsantsa. Ƙungiyar ta gina tata manhajar mai suna UTAS, gwamnati kuma ta miƙa ta ga hukumar NITDA ta gwada. A watan Maris na 2022, ana cikin yajin aikin da ya kai wata takwas, hukumar ta sanar cewa cikin gwaje-gwaje 687, an ci 529, an faɗi 156, biyu kuma suna da abin lura. Hakan ya kama kashi 77 cikin ɗari. Daga baya ƙungiyar ta ce an gyara an sake gwaji maki ya haura 99, hukumar kuma ta ce da sauran aiki. A watan Disamba na 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS.

Malami ya saba 70 ta zama babban maki, don haka 77 a kunnensa nasara ce. Manhajar kuɗi kuwa ba a yi mata maki irin na ɗalibi. Za a iya cin 99 cikin ɗari, ɗayan da ya rage ya zama shi ne wurin lissafin fansho. Za a iya kuma faɗuwa gwaji 150 duk a kan launin rubutu da tsarin shafi. Lambar ita kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka ga waɗanne ne aka faɗi da nauyin kowanne. Idan ɓangarori biyu ba su yarda da juna ba, su ne suka fi kowa buƙatar su zauna tun kafin a kunna kwamfuta su amince da jerin gwaje-gwajen, da matakan nauyi, da sharaɗin karɓa. In an bari sai sakamako ya fito, kowa zai zaɓi ma'aunin da ya yi masa daɗi.

Abin da ke wuce idon masu gwaji

Mutum goma sha biyar a ɗaki ba za su iya nuna maka abin da zai faru idan mutum dubu ɗari suka shigo lokaci guda ba. Wannan gwajin nauyi ne, injiniyoyi ke yin sa da na'ura, kuma mai saye ya nemi ganin sakamakonsa da idonsa. A watan Afrilu na 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe abokan hulɗarsa sama da miliyan 5 zuwa sabuwar manhaja a ƙarshen mako guda. Kimanin miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu har suka riƙa ganin bayanan asusun da ba nasu ba. Binciken da wani kamfanin lauyoyi ya yi ya gano cewa cibiyoyin ajiye bayanai biyu aka gina, amma wani muhimmin gwaji a kan ɗaya kawai aka yi shi. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a watan Satumba na shekarar, kuma a 2022 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65.

Saboda haka masu hankali ba sa tsallakawa gaba ɗaya rana ɗaya. Sukan fara da reshe guda, ko su tafiyar da tsohon tsari da sabo tare na wata ɗaya ko biyu suna kwatanta sakamako, musamman a albashi. Aiki biyu ne kuma ma'aikata za su yi ƙorafi, amma duk inda lambobin suka saɓa an kama kuskure kafin ya taɓa aljihun kowa. Kuma duk gyaran da ɗan kwangila ya kawo, a sake gwada abin da aka gyara da maƙwabtansa, domin gyara yakan ɓalle wani wurin da dā yake lafiya.

Ranar sa hannu

Takardar karɓa gajera ce, sau da yawa shafi ɗaya, amma tana juya al'amura. Kafin ta, kuskure nauyin ɗan kwangila ne kuma kuɗinsa na hannunka. Bayan ta, kai ne mai bin sa, kuma abin da jiya ake kira gyara yau zai iya zama sabon aiki mai sabon farashi. In dole ce ta sa a karɓa da sauran ƙananan kurakurai, a jera su a jikin takardar ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ranar da za a gyara shi, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin har sai an cika.

Ko an yi duk wannan, wasu kurakuran sai an shekara ana aiki suke ɗago kai, kuma a lokacin akan rasa wa za a gaskata tsakanin ma'aikaci da kwamfuta. Hukumar gidan waya ta Birtaniya ta karɓi manhajar Horizon a 1999, kuma daga shekarar zuwa 2015 an gurfanar da masu kula da ƙananan rassa sama da 900 bisa zargin giɓin kuɗin da manhajar ta nuna, kafin wata babbar kotu ta tabbatar a 2019 cewa tana da kurakuran da ke iya haifar da irin wannan giɓi. Da labarinsu za mu buɗe babi na gaba, inda za mu duba yadda ake kula da manhaja bayan an karɓe ta, da abin da ya kamata a yi idan ma'aikaci ya ce lissafin da ke allo ba daidai ba ne.